Rijiya Ta Bayar, Auta Ta Hana

Ni na kawo Auta cikin aikin nan da hannuna, ba wanda ya sa ni. Shi ya sa duk wanda ya zo yi mini jaje nake ce masa ya riƙe abinsa, don wanda ya yanko bulala ya miƙa a zane shi ba ya neman mai ba shi haƙuri.

Auta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne ubanta. Ni na kai ta makaranta, ni na tsaya mata har ta karanci ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ta fito da hular kwano da hatimi, ana kiranta Injiniya. Ni kuwa kuza nake nema. A bayan tudun da ke saman ƙauyenmu akwai wani fili mai tsakuwa da masu haƙa na dā suka farfasa suka tafi suka bar ramuka. Na yi shekaru ina bin lasisin wurin daga wannan ofis zuwa wancan. Shagona na kayan gini ya tafi a kai, motata ma ta bi shi. Da aka gwada ƙasar aka ce akwai kuza mai kyau, sai Allah ya haɗa ni da masu zuba jari.

Wakilinsu wani siriri ne mai gilashi, wanda ba ya murmushi sai da gefen baki ɗaya. Ya ce sun gamsu da komai, saura abu guda. Ƙasar kuza sai an wanke ta, wankin kuwa ruwa yake sha kamar ba gobe. Suna son rahoton ƙwararre: akwai ruwa a wurin? Zai kai ƙarshen aikin? Nawa zai ci? Wa zai cutu? In rahoto ya yi kyau, a sa hannu a fara aiki. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa.

Na ce, "Ai ƙwararriya a gidanmu take."

Da na faɗi ko wace ce, ya cire gilashin ya goge. "Mun taɓa aiki da ita," in ji shi. "In ita ta sa hannu, ba za mu nemi na biyu ba."

Ni a wautata sai na ɗauki wannan maganar albishir ce.

Aka haƙa rijiyar burtsatse a gefen filin, ruwa ya yi tsiri, ma'aikata suka yi ta ihu. Auta ko gezau. Ta ce ganin ruwa ba shi ne samun ruwa ba, sai an gwada rijiyar. Gwajin kuwa shi ne a kunna famfo a bar shi yana zuƙa ba dare ba rana na 'yan kwanaki, ana zura abin awo ana duba yadda ruwan ke sauka. Ta sa aka ɗauko hayar tiyo mai tsawon tsiya, aka haɗa guntu da guntu, aka haura da shi tudu, aka sauke bakinsa can cikin wani busasshen kwari. Sannan ta cika kwalabenta da ruwan rijiyar za ta kai ɗakin gwaji a birni. Kafin ta shiga mota ta nuna mai kula da injin famfon da yatsa ta ce kada ya bari kowa ya taɓa komai.

Washegari na zo na bi tiyon nan da ƙafa har ƙarshensa. Abin da na gani ya sosa mini rai. Ruwa garai-garai, a tsakiyar rani, yana kwarara cikin yashi, ko akuya babu a wurin balle ta sha. Ga hayar tiyo tana tafiya kullum. Ga kuma wani tsohon rami a bushe kusa da rijiyar, jifa ɗaya tsakaninsu, wanda in an cika shi zan samu ruwan gwajin wanki kyauta. Mu a gidanmu ko ruwan wanke hannu ba a watsarwa, sai a kai wa shuka.

Na dawo na ce da mai injin ya kwance tiyon ya juya bakinsa cikin ramin, sauran kuma a naɗe a mayar wa mai shi.

"Oga, Injiniya ta ce kada a taɓa."

"Injiniya ke biyanka ko ni?"

Ya kwance. Tun daga ranar ruwan rijiyar ya tsaya cak a wuri ɗaya. Famfo na ta aiki, abin awo na nuna abu guda safe da yamma. Mai injin ya ce tun da yake bai taɓa ganin rijiya mai ƙarfin wannan ba. Na saya wa ma'aikata lemo, na kira mai gilashi na ce ya fara gyara biro, haƙata ta cim ma ruwa.

Ran nan da hantsi Auta ta dawo. Ta fito daga mota, ba ta kai ga gaishe ni ba idonta ya faɗa kan ramin, ya cika fal yana ƙyalli. Ta tsaya kamar an dasa ta.

"Wa ya taɓa mini tiyo?"

Mai injin ya kalli takalmansa. Na ce, "Ni ne. Kuma ana fara gaisuwa ne kafin tambaya."

"Ina kwana, Yaya. Ka ɓata gwajin."

A gaban ma'aikatana! Na ce ruwa dai ya fito, rijiya ba ta ko girgiza ba, me kuma ake nema? Ta ce ramin nan ƙasansa duk tsage-tsage ne, ruwan da muke zubawa yana tsiyayewa ya koma inda ya fito. Ta ce kamar mutum ne ya ɗebi ruwa a randa ya mayar cikin randar, sannan ya shiga gari yana cewa randarsa ba ta ƙarewa.

Wani daga cikin ma'aikatan ya yi dariya. Har yau na san ko wane ne.

Na ce, "Boko dai bai yi ba. Kin shiga ƙarƙashin ƙasar ne kin gani?"

Ta juya ta nufi motarta. Ta buɗe bayan mota ta ɗauko wani gwangwani, ta juye garin da ke ciki a ramin. Ruwan ya rikiɗe ya zama kore shar. Ta sa aka karkatar da bakin tiyon cikin wani farin bokiti, ta jawo kujera ta zauna a inuwar janareta ta harɗe hannu. Ni ma na jawo tawa. Haka muka wuni muna kallon bokitin. Kafin la'asar ruwan da famfo ke fitarwa daga cikin rijiyar ya fara sauya launi, har ya koma kamar an jiƙa ganye. Ma'aikatan nan duk suka tuna suna da abin yi a wani wuri.

"A sake gwaji," in ji ta. "A dawo da tiyo, a kwashe ramin."

Na yarda, amma ba don na gamsu ba. So nake rijiyar ta kunyata ta a gaban mutanen da ta kunyata ni.

Aka sake kunna famfo, ruwa na tafiya kwari kamar yadda take so. Abin awo ya fara nutsewa, kullum sai an ƙara masa igiya. Ita kuma ba ta zama, tana sauka ƙauye tana leƙa rijiyoyin mutane da abin awonta, tana dawowa fuska a ɗaure. Ana cikin haka wata safiya ta hauro da gudu tana ɗaga hannu, tana cewa a kashe. Kafin mai injin ya kai ga makunni, famfon da kansa ya yi tari, ya tofar da taɓo, ya koma zuƙar iska.

Ba a jima ba wayata ta yi ƙara. Inna ce, mahaifiyarmu. Tana zaune a gidanmu na gado a gindin tudun, kuma akwai rijiya a tsakar gidan wadda tun tasowarmu ba mu taɓa ganin ƙasanta ba.

"Kai, me kuke yi ne a saman nan? Na zura guga ya dawo mini da laka."

Ba ita kaɗai ba, maƙwabta ma haka. Kafin azahar mata sun yi layi da bokitai a bakin shingen filina, suna faɗin maganganun da ba zan maimaita ba.

Na ja Auta cikin kwantenar da nake ofis, na rufe ƙofa. Ciki kamar tanda, fanka ta mutu, taswirar filin ta naɗe a bango saboda zafi.

"Kin ga abin da kika jawo? Lokacin da ake yi yadda na ce, rijiyar wa ta ƙafe? Kin zo da iyayinki kin busar da rijiyar uwarki."

"Na yi saurin cewa a kashe, ban dai yi saurin da ya isa ba, kuma wannan a wuyana yake. Amma Yaya, 'yan kwanaki ne fa suka yi haka. Kai kullum za ka riƙa jan irin wannan ruwan, shekara da shekaru. Abin da ke ƙarƙashin tudun nan ɗan aljihu ne, shi ƙauyen ke sha. Ba zai dawo ba sai damina ta zauna."

"To sai me? A fasa?"

"Ban ce a fasa ba. Akwai kogi."

Kogin da take faɗa sai ka yi tafiyar rabin wuni a mota. Ta fara jero mini: bututu tun daga can, injinan turo ruwa a hanya, man da za su sha, izinin ɗibar ruwan, diyyar gonakin da bututun zai ratsa. Sannan ruwan wankin kansa, in ya gama aiki ya zama dagwalo, dole a gina masa madatsa a shimfiɗe ƙasanta da leda mai kauri, in ba haka ba ya tsiyaye cikin rijiyoyin mutane. Da damina kuma ramin haƙar zai cika, sai an sa wasu injinan su kwashe. Tana magana tana lanƙwasa yatsu, ni kuwa ina jin kowane yatsa kamar ƙusa ake buga mini. Ko ba a faɗa mini ba na san in aka ɗora wannan a kan aikin, ribar ta tafi, mai gilashi ma ya tafi.

Na sassauta murya. "Auta, gwaji biyu aka yi. Na farko ma gwaji ne, mai injin ya auna, ba ƙarya a ciki. Ki rubuta shi. In kuɗi ya shigo, wallahi ni zan ja wa ƙauyen nan famfo gida-gida."

"Da wane ruwan?"

"Ke, ni kike tambaya haka?"

"Yaya, in na rubuta na farko, za su gina injin wanki a kan ruwan da babu shi. Shekara ba za ta zagayo ba ka rasa aikin, ƙauye ya rasa ruwa, kuma sunana ne a ƙasan takardar."

"Sunanki! Wa ya saya miki sunan? Da ban tsaya miki ba, da yanzu wanke-wanke kike a gidan wani."

Idonta ya kawo ruwa, amma bakin nan bai mutu ba. "Ka tura ni in koyi gane inda ruwa yake. Na koya. Babu shi a nan."

A lokacin na tsane ta, tsana ta gaske, irin wadda ban taɓa yi wa bare ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma gugan ni na saye shi.

Saura hanya ɗaya, na kuwa bi ta. Na sauka wurin Inna. Na same ta a bakin rijiya tana tace ruwan laka da tsumma. Na zauna na faɗa mata komai yadda ni na gan shi: shagon da ya tafi, motar da ta tafi, shekarun da na ƙarar, da 'yarta da ta busar da rijiya kuma take shirin tozarta ni a gaban baƙi. Inna ba ta san gwaji ba, ba ta san rahoto ba. Abin da ta sani shi ne ni na riƙe gidan nan tun da aka fita da gawar mijinta. Ta aika aka kira Auta.

Auta ta shigo da takalman aikinta duk taɓo, ta cire su a bakin ƙofa, ta durƙusa.

"Yayanki ya ce akwai takardar da za ki sa wa hannu."

"Inna, in na sa, wannan rijiyar ba za ta ƙara kawo ruwa ba har abada. Ba taki kaɗai ba, ta kowa."

"Ban tambaye ki rijiya ba. Ruwa na Allah ne. Wanda ya ɗauke ki tun kina majina shi za ki tsaya a gaban mutane ki ce bai san abin da yake yi ba?"

"Inna, ki saurare ni..."

"Na gama saurare. Ki yi abin da ya ce. In kika kunyata shi, kada ki ƙara tako mini gida, kuma ban yafe ba."

Ban zaci za ta kai can ba. Na so a tsorata yarinyar ne kawai. Amma magana ta riga ta fita, kuma ban buɗe baki na rage mata nauyi ba, don a ganina ta yi mini daidai. Auta ta kifa goshinta a kan tabarma ta yi kuka mai sauti, irin wanda rabona da jin ta yi tun tana ƙarama. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita. Na ce a raina shi ke nan, ta karaya.

Ranar zama muka haɗu a ofishin masu zuba jari, ɗaki mai sanyi da dogon tebur da ruwan gora a gaban kowa. Auta ta zo idanu a kumbure, ta zauna nesa da ni. Mai gilashi ya ce Injiniya ta fara. Ta miƙe, ta ce an yi gwaji biyu. Na farko ya lalace saboda ruwan da aka zuƙo ya koma rijiyar, don haka ta jefar da shi. Ba ta ce ni na kwance tiyon ba, kuma wannan rufin asirin ya fi zagi ƙona mini rai. Sannan ta faɗi na biyu tiryan-tiryan, da rijiyoyin ƙauye, da kogi, da bututu, da madatsa. Ba ta tsallake ko layi ɗaya ba. Ta buga hatiminta ta tura musu.

Mai gilashi ya daɗe yana duba shafin ƙarshe. Ya ce kuza na nan, ba wanda ya musa, amma da wannan ruwan aikin ba zai ɗauki kansa ba. Ya miƙo mini hannu ya ce in farashi ya tashi wata rana, ƙofarsu a buɗe take. Na san irin wannan ƙofar.

A bakin matakala ta tsaya tana jirana. "Yaya..."

"Ba ki da yaya," na ce, na wuce.

Inna ta cika alkawarinta. Auta ta zo gida, Inna ta sa aka ce mata ta koma. Ta kira waya, Inna ta ƙi ɗauka. Ƙannen mahaifinmu sun zo sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta ce su sha ruwa su tafi, in sun samu ruwan. Ni kuma na kwashe kwantena, na sallami mai injin, na koma tsaron shagon wani da a dā ni nake ba shi sari.

Damina kuwa da sauran lokaci, rijiyoyi sun ƙi dawowa. Sai ga wata tankar ruwa ta fara zuwa ƙauyen duk mako. Takan tsaya a ƙofar gidanmu ta cika wa Inna randuna da duro, sannan maƙwabta su yi layi har ta ƙare. Ran nan na je gaishe da Inna na tarar da tankar. Na ja direban gefe na tambaye shi wa ke aiko shi. Ya ce wata injiniya ce, kuma ta ce in tsohuwa ta tambaya kada ya faɗa, don in ta sani ba za ta sha ba.

Na shiga gida. Inna na zaune a kan kujera 'yar tsugune, ana ta juye mata ruwa a randuna, fuskarta fal farin ciki. Tana ganina ta kamo hannuna da hannayenta biyu masu sanyi.

"Na san kai ne. Ba ka da shi amma ba ka bar ni da ƙishi ba. Wadda ta busar da rijiyar ko leƙe. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Matan maƙwabta da suka zage ni a bakin shinge suna ta cewa amin. Direban na tsaye a bakin ƙofa da tiyo a hannu, yana kallona. In na faɗa, Inna za ta sa a zubar da ruwan, na san halinta. In na yi shiru, na ci albarkar da ba tawa ba. Auta ta sake saka ni a inda ba ni da ta cewa, kuma ban taɓa jin haushinta kamar na wannan lokacin ba.

Inna ta girgiza hannuna. "Ba ka ji ba ne? Na ce Allah ya yi maka albarka."

Na ce, "Amin, Inna."